Tafiyar Fatauci Daga Yarwa: Lokaci Shi Ne Rabin Jari

Tun kafin alfijir ya keto tashoshin mota na Maiduguri suke cika da jama'a. A Tashar Kano da tashar Borno Express ana lodin masu nufar Fataskum da Kano da Jos da Abuja. A Tashar Muna kuwa manyan motoci ne a jere, an ɗaure kaya an rufe da tamfol, suna jiran hanyar Dikwa da Gamborun Ngala. Galibin waɗanda ke cikin motocin nan 'yan kasuwa ne, kowa da uwar kuɗinsa, kowa kuma da ranar da ya yi wa wani alkawarin isa. A cikinsu akwai mai komowa da riba, akwai mai komowa yana ƙirga hasara, alhali kaya iri ɗaya suka ɗauka, kasuwa ɗaya suka ci. Idan aka bincika, sau da yawa za a tarar bambancin tun daga gida ya faro, watau daga yadda kowannensu ya tsara tafiyarsa.

Fatauci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Barno. Tun Kukawa tana babban birni, ayarin fatake ke tasowa daga Kano da tufafi da goro, su koma da kanwa da mangul da dawaki. A zamanin kowane ayari yana da madugu, shi ke sanin zango da rijiya, shi ke sanin sarkin da za a yi wa gaisuwa da dajin da ba a kwana a cikinsa. Da aka kafa Yarwa cikin 1907 ciniki ya bi Shehu ya komo nan. Cikin 1964 hanyar jirgin ƙasa da aka ja daga Kuru, kusa da Jos, ta biyo ta Bauci da Gwambe ta iso Maiduguri, tafiyar wajen mil 400, aka riƙa lodin gyaɗa da shanu da fatu zuwa kudu. Jirgin nan ya daɗe da daina zuwa. Abin da ya rage shi ne mota da jirgin sama, madugu kuma babu shi. Aikin da yake yi wa ayari ya komo kan ɗan kasuwa shi kaɗai, ko ya iya ko bai iya ba.

Agogo Kafin Ciniki

Daga Kano zuwa Maiduguri tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Wudil da Azare da Fataskum da Damaturu. An ba da kwangilar tagwaita hanyar tun 2006, wasu sassanta sun yi kyau ƙwarai, har mutum ya ɗauka yini ɗaya ya ishe shi ko da ya makara. To, a nan kuskuren yake. Sashen da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshe, wajen kilomita 130 tsakanin Damaturu da Maiduguri, inda ake ratsa Ngamdu da Benishek da Mainok da Jakana da Auno. A wannan sashe lafiyar kwalta ba ita ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne sa'ar da jami'an tsaro ke buɗe hanya da sa'ar da suke rufe ta.

Mutanen Barno ba su manta da daren 9 ga watan Fabrairu, 2020 ba. Matafiya da yawa sun iso Auno, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba zuwa cikin gari, suka tarar an rufe shingen shiga Maiduguri tun ƙarfe biyar na yamma, kamar yadda aka saba a lokacin. Ba su da zaɓi sai kwana cikin motocinsu a bakin hanya. Da dare 'yan ta'adda suka auka musu, suka cinna wa motoci wuta, mutum aƙalla 30 suka rasu. Kafin wannan, cikin watan Satumba na 2013, an kashe matafiya fiye da 140 a kusa da Benishek. Hanyar ta yi sauƙi ainun in aka kwatanta da waɗancan shekaru, amma darasin da aka saya da rayuka ba a yar da shi don an ga kwana biyu lafiya.

Saboda haka gogaggen ɗan kasuwa daga baya yake fara lissafinsa. Zai tambaya a tasha, ran jajiberen tafiya, ƙarfe nawa ake rufe hanya a wannan makon, domin sa'ar tana sakewa gwargwadon halin da ake ciki, kuma 'yan ƙungiyar direbobi sukan riga kowa ji. Daga wannan sa'a sai ya cire tsawon tafiyar, ya cire lokacin tsayawa a shingayen bincike, waɗanda suna da yawa, ya cire na salla da cin abinci, sa'an nan ya ware sa'a biyu don faci ko lalacewar mota. Abin da ya saura shi ne lokacin tashinsa. Wanda ya yi wannan lissafi zai ga cewa motar da ta bar Kano bayan hantsi ba ta Maiduguri ba ce a ranar, ta Fataskum ce ko Damaturu. Kwana a can ba abin kunya ba ne. Kuɗin masauki na dare ɗaya ƙaramin abu ne, a sa shi cikin kuɗin kaya tun farko a huta.

Da sanyin safiya ake kama fara, gaskiya ne, amma wannan karin magana ba ta cin kowace hanya a Barno. Hanyar Dikwa da Gamboru, wadda soja suka sake buɗewa cikin watan Yuli na 2016, da ta Bama da Banki da aka buɗe cikin 2018, da ta Dambuwa, suna da nasu hukunci. A can sau da yawa sai an jira rakiyar soja, sai kuma an duba hanya saboda nakiyoyin da ake binnewa. Cikin watan Afrilu na 2025 wata mota ta taka nakiya tsakanin Rann da Gamboru, mutum 26 suka rasa rayukansu. A irin waɗannan hanyoyi ba a rige-rigen zama na farko, ba a ficewa daga jerin gwano don a riga wasu isa kasuwa, ba a kuma yarda direba ya ratse ta wata ɓarauniyar hanya da sunan yanke. Sauri ya haifi nawa. Fasinjan da ya ga direba zai yi haka yana da ikon buɗe baki, kuma ya kamata ya buɗe.

Zaɓen mota ma wani ilmi ne. Motar bakin hanya ta fi araha, musamman tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, to amma babu wanda ya san direbanta, babu inda aka rubuta sunan fasinja. A tasha ana rubuta suna da lambar wanda za a nema in wani abu ya faru, motar tana da lamba a littafin ƙungiya, in kaya ya ɓata akwai wanda za a riƙe. Wanda ke da kaya mai yawa ya fi masa alheri ya raba kansa da kayan. Ya loda su a babbar mota, ya karɓi takardar kaya wadda ta nuna yawan buhu ko kwali da sunan mai karɓa da kuɗin da aka biya da wanda ya rage, ya rubuta lambar motar da ta wayar direba da ta yaron mota, shi kuma ya bi ƙaramar mota ya riga su isa. Masu safarar bandar kifi daga kasuwar hanyar Baga zuwa Anaca da Ikko sun daɗe da gane wannan. Banda ba ta son jira, in ta daɗe a rufe ƙwari sukan shige ta ta riƙa marmashewa, don haka mai ita yake so ya isa ya gama magana da masu saye kafin a kwance igiya.

Fatoma Bai Mutu Ba

Kalmar fatoma da Hausawa ke kiran mai saukar baƙi daga Barebari aka aro ta, domin fato a harshensu gida ne, fatoma kuwa maigida. Wannan kaɗai ya isa nuna daɗewar al'adar a wannan ƙasa. Fatoma shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in aka ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Har yanzu a kan wannan tsari cinikin shanu yake tafiya, a Kasuwar Shanu ta Maiduguri da ta Fataskum da ke ci ran Laraba, da kasuwannin kudu inda ake sauke dabbobin.

Samarin 'yan kasuwa na yanzu sukan raina wannan, su ce ga otal ga waya, me za a yi da fatoma. Otal zai ba mutum gado da fanka, amma ba zai gaya masa cewa wane ya ci bashin mutum uku bai biya ba, ko cewa farashin wake ya faɗi shekaranjiya saboda motoci goma sun sauke a rana ɗaya. Baƙon gari makaho ne ko da idonsa biyu. Abin da ya dace shi ne a haɗa biyun: a yi amfani da waya a kira maigida tun kafin a taso, a ji farashi, a ji ko masu saye suna gari, a tsai da ranar haɗuwa. Zuwa da kai ya fi aike, amma zuwa ba sanarwa yakan sa mutum ya zauna kwana uku yana cin guzuri yana jiran wanda ya tafi Saudiyya. Ya kamata kuma a lura da ranakun mako. Wanda ya isa Kano ko Maiduguri da tsakar ranar Jumma'a ya san rabin yinin ya tafi, wanda kuma yake da hulɗa da banki ko ofishin kwastan kada ya sa isarsa ta faɗo Asabar ko Lahadi.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Masu sayar da turaren wuta da humra da lafaya, waɗanda kayansu suka yi suna har Abuja da Ikko, da yawansu ba sa taka tasha ko sau ɗaya a wata. Suna da direban da suka amince da shi, suna aika kaya, kuɗi ya shigo ta banki. Akwai abin koyi a nan ga maza: ba kowace tafiya ce ta zama dole ba. Tafiyar farko da ta ƙulla amana, da ta warware rikici, da ta karɓar bashin da ya daɗe, waɗannan sai da ƙafa. Sauran aike ya wadatar.

Ƙetare Iyaka

Daga Maiduguri zuwa Gamborun Ngala wajen kilomita 140 ne. Da an haye gada an shiga Fotokol ta ƙasar Kamaru, daga nan a yi tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Kusuri, a sake haye gada kafin a shiga Injamena. Watau mai kai kaya Cadi iyaka biyu zai ƙetare, kwastan na ƙasa uku zai gani. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka takardar tafiya ta ƙungiyar ba ita ce abin dogaro a can ba, fasfo ya fi. Jamhuriyar Nijar kuma, wadda ake shiga ta Damasak zuwa Diffa don sayen tattasai, ta fice daga ƙungiyar cikin watan Janairu na 2025. Sai kuma katin allurar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Wanda ya je aka yi masa ana gobe tafiya ya riƙe takardar da jami'in iyaka ke da hujjar ƙi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka wahalar sau ɗaya ce.

Takardu a yi musu kwafi biyu, ɗaya a bari a gida, ɗaya a jaka dabam da ta asalin, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Duk abin da aka biya a kan kaya a nemi rasit. Ba kullum ake bayarwa ba, kowa ya sani, amma wanda ya saba tambaya cikin ladabi ya fi wanda ya saba miƙa hannu tun ba a tambaye shi ba, domin na biyun shi ke koya wa masu shinge farashinsa. Kaɗan daga Larabcin Shuwa da lissafi da Faransanci suna rage wa mutum kuɗin tafinta a Kusuri da Injamena, ko da yake Hausa tana ci a kasuwannin biyu.

Batun kuɗi ya fi kowanne rikitarwa, kuma tsohuwar matsala ce. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kukawa cikin 1851, ya ba da labarin wahalar mai sayen hatsi a kasuwar Litinin ta can. Manomi da wuya yake karɓar dalar azurfa, ba ya karɓar wuri. Sai mai saye ya canja dala zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sa'an nan ya ba da rigar a auna masa hatsi. Ɗan kasuwan yau bai tsira daga irin wannan zagaye ba. Sefa iri biyu ce. Ta Kamaru da Cadi dabam, ta Nijar dabam, darajarsu ɗaya a kan kuɗin Turai, amma ba a kashe ta nan a can sai an bi ta hannun ɗan canji ya ci nasa. Wanda ya sayi sefa a Maiduguri ya tabbata irin ta ƙasar da za shi aka ba shi, ya ƙirga a gaban mai canjin, ya kuma ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku kafin ya saki naira.

Ɗaukar tsabar kuɗi mai yawa a jiki ya zama tsohon yayi, kuma gara da ya zama. Amma dogara ga waya kaɗai shi ma ganganci ne. Mutanen Barno sun ga lokacin da aka yanke layukan waya gaba ɗaya bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayu na 2013. Sun ga yadda gari ya zauna cikin duhu wata da watanni bayan an karya turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu cikin Janairu na 2021. Sun kuma ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da mai miliyoyi a banki ya rasa na shiga Keke Napep. Dattawa za su tuna an taɓa irin wannan cikin watan Afrilu na 1984, aka sake launin kuɗi aka rufe iyakoki, fataken da ke waje suka komo da takardun da ba su da amfani. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba ƙafa: uwar kuɗi a banki, asusu biyu a bankuna dabam-dabam in da hali, kuɗin hanya na kwana biyu ko uku a jiki, su ma a kasa su wuri biyu, da canji ƙanana a aljihun gaba don kada a riƙa zaro ɗauri a bainar jama'a. Layin waya biyu na kamfani dabam, da batirin caji na aljihu. Lambobi biyar ko shida masu muhimmanci a rubuta su a takarda, domin wayar da ta mutu ko aka sace ta tafi da duk abin da ke cikinta.

Iyaka kuma tana iya rufuwa mutum yana hanya. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya cikin watan Agusta na 2019 ba tare da dogon gargaɗi ba, sai Disamba na 2020 aka fara buɗewa. An rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mai hankali ba ya zuba dukan jarinsa a lodi ɗaya mai ƙetare iyaka, musamman kaya mai lalacewa.

Damina, Hunturu Da Bazara

Kowane lokaci na shekara da irin tarkonsa. Gabas da Maiduguri, wajen Dikwa da Ngala, ƙasar firgi ce, baƙar laka mai riƙe ruwa. Da rani ta bushe ta tsattsage, da damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, babbar mota in ta sauka daga kwalta sai ta kwana biyu ana haƙa. Mai kai siminti ko sukari ko gari ta wannan hanya ya yi ƙoƙari ya gama manyan lodinsa kafin ruwa ya zauna. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, taya takan fashe, mutum yakan galabaita bai sani ba. Ruwan sha mai tsabta ya fi kowane guzuri, mai hawan jini ko ciwon sukari kuma ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin da ya ƙiyasta.

Jirgin sama ya rage wa manyan 'yan kasuwa wahala ƙwarai. An rufe filin jirgin Maiduguri ga fasinja bayan harin watan Disamba na 2013, sai 2015 jirage suka komo, ga shi kuwa tafiyar da ke cin yini da ɗoriya a mota zuwa Abuja ba ta wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Sai dai daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sama, a ɗage tashi ko a soke shi ɗungum. Wanda ke da ganawa ran Talata da safe, ko zai haɗu da wani jirgin zuwa Dubai ko Sin, ya tashi tun Lahadi ko Litinin da jirgin farko. Takardu da samfurin kaya da tufafi na kwana ɗaya su zauna a jakar hannu.

Akwai kuma abin da matafiyi ya bari a baya. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monday ran 26 ga watan Fabrairu, 2023 da dare ta tashi, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau ran 10 ga watan Satumba, 2024 ita ma cikin dare ta shigo gari. A duka biyun akwai waɗanda labari ya riske su suna wani gari, mabuɗin shago yana aljihunsu, babu wanda zai iya fid da ko ƙyalle. Kafin a tashi a bar mabuɗi da amintacce, a gaya masa inda littafin bashi yake, kada kuma a tara kaya duka a rumbu ɗaya.

Littafin nan shi ne abu na ƙarshe da ake yawan sakaci da shi. Ɗan kasuwa zai faɗi nawa ya sayi buhu da nawa ya sayar, amma tambaye shi abin da tafiyar ta ci, sai ya yi shiru. Kuɗin mota da na lodi da na sauke kaya, na 'yan dako da 'yan kamasho, na shingaye, la'adar dillali, masauki da abinci, katin waya, abin da ɗan canji ya ci, har da tsarabar yara, duka daga riba suke fita. A rubuta su a daren kowace rana kafin a kwanta, a haɗa jimla ran da aka komo, a raba ta da yawan buhun da aka kai. Wanda ya yi haka sau uku a jere zai san ko hanyar Injamena ce ke ciyar da gidansa, ko kuwa ta Kano ce ke biyan bashin da ta Injamena ke ci.